Na'Allah, Wanda Mashin Ɗinsa Ke Gajiya da Azahar

Na'Allah na Roni taubashina ne. Ubansa, Kawu Maikasuwa, da uwata ciki ɗaya suka fito. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, saboda haka a al'ada wai ni ce baiwa shi ne ubangida. To amma tun da nake ban taɓa ganin ubangidan da ke tsallake danga in ya jiyo muryar baiwarsa ba sai shi. Duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumin faɗa. Wanda ya ji haushi ya je ya nemo nasa taubashin ya yaga.

Da gaggawa ya zo duniya. An ce ungozoma ba ta gama ɗaura zane ba ya faɗo. Da ya girma sai ya zama dogo mai dogon wuya, kullum tafe yake kamar wanda ya baro tukunya a wuta. In kun gaisa, kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya amsa ta gajiya da ta aiki da ta ruwa, ya sha kwana.

Sana'ar gidansu kanwa ce da gishiri. A saro a Babura wajen mutanen Nijar, a ɗora wa jaki, a bi kasuwanni: yau Roni, gobe Gwiwa, jibi Kazaure. Kowane jaki aka yi a gidan nan sunansa Auraki, wato jaki mai hasken gashi, ko da baƙi ne wuluk. Kawu Maikasuwa kuwa yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. In rana ta take tsaka, ko da ciniki na ci kamar wutar kara, sai ya dubi jakin ya girgiza kai ya ce, "Kai, Auraki ya gaji." Ya naɗe kaya, ya kora shi zuwa wata tsamiya da ke bakin hanya tsakanin Gwiwa da Roni. A sauke mangala, a ba jaki ruwa. To tun da an tsaya ai sai a yi azahar. Tun da an yi salla ai sai a dama fura. Tun da ciki ya ɗauka ai sai a ɗan kishingiɗa, kafin dabba ta dawo hayyacinta. Bayan haka kuma a kowane mako akwai rana guda da ba a ɗora wa jaki komai, wai bayansa ya sha iska. Tun da jaki na gida, Kawu ma na gida.

Shekarar da Turawa suka miƙa mulki, Kawu ma ya miƙa nasa. Gwiwoyi sun fara ƙara, ya ba Na'Allah sanda da jakuna. Na'Allah ya yi murna, ya ce yanzu za a ga fatauci na zamani. Bai san jakin ya riga shi shiga makaranta ba. Da sun iso tsamiyar nan sai Auraki ya kafe ƙafa huɗu. A ja shi, a tura shi, a yi masa magiya, a zagi kakansa, ko gezau. Dole Na'Allah ya sauke kaya ya zauna yana huci, ya sha fura yana huci, barci ya sace shi yana huci. A shekarun nan kumatunsa har sheƙi suke yi. Da ya auri Mas'uda, 'yar mutanen Gwiwa, ni na ce mata ta gode wa jaki, don shi ya yi mata kiwon miji.

Sai man fetur ya zo ya ruɗa ƙasa. Aka yi canjin kuɗi, aka shimfiɗa kwalta, aka yi wa ma'aikata ruwan kuɗi na ƙarin albashin Udoji. Malamin makarantar da jiya yake lallaɓa tsohon keke, yau ga shi a kan mashin yana yi wa kaji oda. Na'Allah ya ga haka, idonsa ya rufe. Ya sayar da jakunan duka, ya haɗa da gyaɗar shekarar, ya tafi Kano ya dawo a kan mashin roba-roba ja, da agogo a hannu mai walƙiya kamar idon mage.

Na je ganin amarya, na ce, "Ranka ya daɗe, ubangidana, wannan sabon jakin me yake ci?"

Ya ce, "Ke Ma'u, baiwar banza, wannan ba ya ci, ba ya sha sai mai, ba ya gajiya."

Na ce, "To Allah ya sa mai shi ma haka yake."

Bai ji ba, ya riga ya kai bakin kasuwa.

Daga nan aka shiga uku. Kasuwar da babu Na'Allah a cikinta ba ta ci ba. Ya yi sammako Babura, ya ci rabin kasuwar wani ƙauye, ya ƙarasa yamma a Kazaure. Ranar da da can jaki ke hutawa ma ya samo mata kasuwa har biyu. Tsamiyar nan kuwa sai dai ta ga wucewar wani jan abu. Abinci ya koma goro da shayi a tsaye, sai ƙwayar ciwon kai da yake watsawa baki kamar aya. Salla kamar kaza na tsattsagar tsaba. Tuwon Mas'uda ya huce, ya zama ɗumame, ɗumame ya koma wajen awaki. Awakin gidan nan suka yi ƙiba har maƙwabta na tambayar irin da aka samo. 'Yar autarsu ta taɓa ganinsa da rana a tsakar gida, ta ruga ta ce wa uwarta an yi baƙo.

Shi kuwa yana ta zubewa. Tazugen wandonsa ya ɗaure ya sake ɗaurewa har ya kusa zagaye shi sau biyu. Ƙirji na yi masa zafi kamar an zuba barkono, gyatsa mai tsami, ido jawur, jiri in ya miƙe. Faɗa kuwa ko da ƙuda ne ya gifta. In ka ce, "Na'Allah, ba ka da lafiya ne?" ya ce, "Lafiya lau," yana dafe da ciki.

Lokacin nan aurena na uku ya mutu, ina bin kasuwanni da daddawa, shi ya sa abin da ya faru a Gwiwa a gabana aka yi. An shiga sallar azahar a masallacin kasuwa. Aka yi sujada, kowa ya ɗago, Na'Allah bai ɗago ba. Aka sallame, yana nan goshi a ƙasa. Mutane suka ce kai, bawan Allah yau roƙo ya yi tsawo. Aka watse, aka dawo la'asar, yana nan yadda aka bar shi. Wani Babarbare mai sayar da tabarmi, Bunu, abokin cinikinsa, ya ɗan taɓa kafaɗarsa. Sai ya ɓingire gefe guda kamar buhun kanwa. Aka yi salati. Aka ɗauko shi a tabarma sabuwa fil, aka kwantar a rumfa, aka rufa masa rawani.

Labari ya iso layin 'yan daddawa. Na yi jifa da faifai, na taho da gudu ɗankwali a hannu. Na faɗi a gabansa ina kururuwa. Abin da na faɗa ranar nan, da na san yana da sauran kwana, ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba.

"Wayyo ubangidana! Wayyo na Mas'uda, dogo mai alheri! Wa zai ƙara ba ni kanwa kyauta? Wallahi kai ne ubangida, ni ce baiwa, na yarda!"

Sai rawanin ya ɗaga, ya sauka. Wani irin munshari ya fito daga ƙarƙashinsa kamar ana jan turmi a kan dutse. Rumfa ta dare. Bunu ya bar takalmi ɗaya. Wani mai nama ya haye teburinsa da wuƙa a hannu, ban san wa zai yanka ba. Na'Allah ya yaye rawani, ya dubi agogo, ya ce, "Innalillahi, kasuwa ta tashi?"

Na ce, "Maza mayar mini da yabona, munafuki. Ko mutuwar ma ba ka iya tsayawa ka yi ta sosai ba."

Ana cikin dariya ya yunƙura zai tashi, sai amai. Abin da ya fito baƙi ne, da jini a ciki. Nan dariya ta ɗauke. Aka sa shi a motar kaya zuwa asibitin Kazaure.

Likita bai ɓoye masa ba. Gyambon ciki ne ya fara zubar da jini, ga kuma hawan jini. Ya ce magani zai taimaka, amma in bai riƙa cin abinci a kan kari ba, ya kwanta da rana, ya ware rana guda a mako ya zauna a gida, to nan gaba in aka rufa masa rawani ba mai yayewa. Mas'uda na gefe tana sharar hawaye, Na'Allah na ta "to, to, in sha Allahu."

Ko maganin bai ƙare ba ya koma kan mashin.

Kada ku ce kwaɗayi ne kawai. Na tsare shi a zaure na tambaye shi, ya ce, "Ma'u, ni ƙato da ni in shimfiɗa tabarma da rana tsaka mutane na wucewa? A ce me ya same shi, a ce gajiya ya yi? A gidanmu kin taɓa jin namiji ya ce ya gaji? Baba ya yi fatauci har gwiwarsa ta ƙare, ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba."

Gaskiya ya faɗa. Mazan gidan nan gara a ga gawarsu da a ji sun ce yunwa ko gajiya.

Mas'uda ta yi nata ƙoƙarin. Ta ɓoye makulli a tukunyar daddawa, ya yanko wani. Ta sace iskar taya, ya sayo famfo. Rannan ta zo mini da sassafe ta ce, "Yaya Ma'u, Malam zai mayar da ni mai takaba ina ji ina gani. Ke kaɗai yake tsoron bakinki."

Na ce, "Bakina ya yi kaɗan. Bari mu je inda aka haifi cutar."

Na kama hannun rigar Na'Allah kafin ya tayar da mashin, na ja shi har ɗakin Kawu. Tsoho na zaune a buzu, ido ya yi rauni amma kunne garau. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, Allah ya ƙara nisan kwana, tambaya na zo da ita, kuma don girman zumunci kada ku kare kowa. Auraki, da gaske yake gajiya a tsamiyar nan?"

Sai kafaɗun tsoho suka fara rawa. Dariya ce, babu haƙori ko ɗaya da zai tare ta.

"Asma'u, ke dai ba a haife ki da linzami ba. Jakin da zai je Damagaram ya dawo bai yi nishi ba? Ni na koya masa. Tun yana ƙarami nake ba shi dusa a gindin tsamiyar nan, har ya zama ko an kashe shi ba ya wuce ta. Duk wanda aka saya haka nake yi masa."

Na'Allah ya buɗe baki. "Baba, to wa ke gajiya?"

"Kai kuma wane irin ɗa ne? Ana tambayar wannan? Ubana a kan takarkarinsa yake ɗora tasa gajiyar, ni na ɗora a kan jaki. Kai ka tashi ka sayar da mai ɗaukar maka, ka sayo ƙarfe."

"Shekara da shekaru ina zagin dabbar nan, Baba."

"Ai ya yafe. Ya san da wa yake."

Na'Allah ya tashi ya fita. Na ɗauka maganar ta bi iska. Ashe tana nan tana dahuwa.

Ranar kasuwar Gwiwa da ta biyo, ina zaune a gindin tsamiyar ina jiran mota, sai ga jan mashin ya taho. Ya wuce. Ya rage gudu. Ya juyo. Na'Allah ya sauka, ya kafe shi a inuwa, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ɗaga murya yadda har masu noma a gonakin gefe za su ji.

"Kai! Injin nan ya ɗau zafi!"

Don a tabbatar, ya kai hannu ya dafa shi. Inji kuwa da gaske zafi gare shi. Ya yi tsalle yana yarfe hannu yana salati. Na ce, "Sannu ubangidana, ai shaida ta ƙare, ba sai ka gasa ɗayan ba." Ya harare ni, ya kwance tabarma daga bayan mashin. Ashe da shirinsa ya zo. Har da kwanon tuwo da Mas'uda ta ɗaure masa a tsumma, wai ko inji zai daɗe bai huce ba.

Ya yi salla a natse, ya ci, ya kwanta. Inji bai huce ba sai gab da la'asar.

Tun daga ranar mashin ɗin nan ya zama mai laulayi. Kowace azahar sai ya yi zafi, in ba a tsamiyar ba to a wata inuwar. Aka kuma gano cewa washegarin kasuwar Kazaure dole a wanke shi a bar shi ya bushe wuni guda, in ba haka ba tsatsa. Na'Allah ya wanke shi da hantsi, sauran wunin ya gyara danga, ya je gaida Kawu, ya zauna 'yar auta na wasa da agogonsa. Kasuwannin da ya ƙara wa kansa ya zubar da su ɗaya bayan ɗaya, wai hanyarsu na cin taya. Zafin ƙirji ya lafa. Tazuge ya fara sassautawa. Awakin Mas'uda suka rame suka dawo awaki irin na kowa.

Abin dariya, cutar inji ta zama annoba. Fataken da suka sayi mashin a shekarun nan duk a gajiye suke, ba mai iya faɗa. Sai ga su ɗaya bayan ɗaya suna ratsowa tsamiya, kowa na ɓata fuska yana cewa nasa ma ya ɗau zafi. Bunu mai tabarmi, da keke yake yawo, ya jingine shi ya ce sarƙa ta yi zafi. Wani mai tallan allura da ƙafa yake tafe, ya tuɓe takalma ya jera su a inuwa ya ce su huce. Ba wanda ya yi dariya. Aka matsa masa wuri a tabarma.

Ana nan sai ga Muhammadu Lawal. Makanike ne, ya yi koyo a Kano ya buɗe rumfa a Kazaure, mutumin kirki mai son taimako, irin waɗanda alherinsu ke rushe gari. Yana wucewa ya ga mashina jere a inuwa kamar an yi haɗari, ya tsaya.

"Salamu alaikum. Lafiya, bayin Allah?"

Aka ce inji ne ya yi zafi.

"Duka?"

Aka ce duka.

Ya naɗe hannun riga, ya nufi na Na'Allah, don shi ne a gaba. Ya tayar, ya kasa kunne, ya duba mai, ya murɗa, ya kashe. Ya juyo da fara'a kamar mai albishir.

"Alhaji, wa ya ce maka yana zafi? Wannan ko Ikko za ka da shi ba ya neman hutu. Iska ce ke sanyaya shi, gudun ma ya fi masa tsayuwa. Hau ka tafi abinka, ni na tsaya maka."

Loma na hannun Na'Allah. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallonsa ta wutsiyar ido, don in ya tashi kowa ya tashi, inuwa ta watse ke nan. Na ga ya ajiye lomar. Na ga hannunsa ya shiga aljihu inda makulli yake. Ya yunƙura har gwiwa ɗaya ta bar tabarma. Ni kuwa ina can gefe da kwandon daddawa, na san in ya hau mashin ɗin nan yanzu, ba zai ƙara samun abin ɗora wa ba, kuma na ga abin da ya fito daga cikinsa a Gwiwa.

Sai ya koma ya zauna. Ya fito da hannu wayam.

"Malam Lawal, gaskiyarka. Mashin lafiyarsa ƙalau." Ya haɗiyi yawu, dogon wuyan nan ya yi sama ya yi ƙasa. "Ni ne na gaji. Yunwa kuma nake ji. In na ci zan kwanta, sai la'asar."

Ya ɗauki lomarsa ya kai baki.

Aka jira sama ta faɗo, ba ta faɗo ba. Can sai Bunu ya yi gyaran murya ya ce, "To tun da abin ya zama haka, ni ma dai keken nan tun da na saye shi ban ga inji a jikinsa ba." Mai allura ya ce takalmansa ma sun ce a gaishe da kowa. Dariya ta ɓarke har wani ya ƙware da fura. Na rangaɗa guɗa, mata masu wucewa suka tsaya suna tambayar wa ya haihu. Na ce namiji ne, a gidan Kawu Maikasuwa, yau ya fara magana.

Muhammadu Lawal ya tsaya sororo, bai san me ya fasa ba. Na'Allah ya ce, "Bismillah, zauna, kai ma idonka ya faɗa." Ya ce a'a, sauri yake. Aka ja shi aka zaunar. Ya ci, ya ce bari ya ɗan miƙe ƙafa. Shi aka yi ta fama da shi da la'asar kafin ya farka.

Ba zan ce Na'Allah bai yi asara ba. Waɗanda suka ci gaba da tsere sun riga shi rufin kwano, wasunsu sun riga shi zuwa Makka, da yawansu kuma sun riga shi zuwa inda ba a dawowa. Shi ya yi nasa a hankali, ciki ya warke, ya tsufa har ya ga jikokinsa na acaɓa a Roni, yana zaune a ƙofar gida yana daka musu tsawa su sauka su ci abinci.

Illa ɗaya abin ya haifar. Tun da bakinsa ya buɗe da kalmar nan bai ƙara rufuwa ba. A kira shi ɗaurin aure mai nisa, ya gaji. Mas'uda ta ce a ɗaga mata buhu, ya gaji. In ya hango ni tafe da sandata tun daga bakin layi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ma'u, don Allah koma, na gaji tun kafin ki zauna."

Ni kuwa in ce, "Matsa mini tabarma, ranka ya daɗe, hutawa na zo taya ka."